Bawul Na Bakwai

Ƙarfe biyun dare a gidan ruwan Ajiwa.
Kwaɗi na ta musu bayan tankin tacewa,
ni da shayina da ya huce
muna gadin allo.

Bawul na bakwai ne zai rufe.
Tsoho ne. Ya girmi aurena,
ya girmi kwaltar da ta kawo ni nan.
Harshensa ya lashi yashin damina talatin,
tsatsa ta yi masa kanta a wuya.

Kafin a ɗaura masa inji
Baba Barmo ke murza shi da hannu,
zagaye sittin da huɗu, leɓensa na ƙirgawa.
A na hamsin sai ya sassauta,
ya manna kunne a jikin ƙarfe.
"Yaro," in ji shi, "ruwa bai son a katse mishi magana.
Ka toshe mishi baki da garaje,
ya juyo ya naushi bututu,
gari ya waye Ƙofar Marusa ta zama tafki,
'yan garuwa su ƙara kuɗi."

Injin farko da aka kawo kurma ne.
A ce masa rufe, ya rufe,
ƙarfi ɗaya, rani da damina.
Ran da tsakuwa ta maƙale a mazaunin harshe
ya danna, ya danna, har sandar ta lanƙwashe.
Wata rana kuma ya tsaya saura yatsa guda,
ya kunna koriyar fitila wai ya gama,
ruwa na sulalewa ta ƙasa yana mana dariya.
Kwana huɗu muna gyara.
Kwana huɗu Rafin Daɗi ba rafi, ba daɗi.

Wannan na yanzu yana da kunne.
Wutar da yake sha yake aunawa,
da ita yake gane nauyin da ke gabansa.
Yana riƙe da labarin rufewar jiya
da ta shekaranjiya.
Ya san inda wuyan tsoho ke ciwo.

Ga shi ya tashi.
Casa'in. Saba'in. Arba'in.
Lambobi na sauka kamar guga a rijiya.
A sha biyu ya rage gudu,
ba wanda ya ce masa uffan.
A uku, layin allo ya yi tozo:
wani abu ya tokare.
Na miƙe, tafina a kan jan maɓalli.

Bai yi gardama ba.
Ya ja da baya taku biyu,
ya bar ruwa ya kwashe abin da ruwa ya kawo,
ya jira numfashi uku,
ya dawo sannu,
irin saukar da ake wa jaririn da barci ya sace a kafaɗa.
Sifiri.
Ya ɗan ƙara matsawa, ya saki.
Bututu ko tari bai yi ba.

Na rubuta lokaci a littafi.
Na shanye shayin da sanyinsa.

Baba Barmo yana gida a Yammawa,
hannun dama ya daina jin maganarsa.
Ran Juma'a na kai masa hoton layin a waya,
na nuna masa tozon, na nuna masa ja da bayan.
Ya daɗe yana kallo, ya kusanto da ita hancinsa.
"Wa ya koya mishi?"
Na ce, lissafi ne, Baba.
Ya yi shiru har ƙuda ya gama zagaye kofinsa.
"Ni sai da na karya sanda biyu,
na shekara tara,
kana na iya ja da baya."

Gyangyaɗi ya ɗauke shi muna cikin hira.
Da zan fita, ƙyauren zaure ya cije a dandamali.
Har na kai kafaɗa zan banka.
Sai na mai da shi baya kaɗan,
na share ɓawon gyaɗa da ƙafa,
na jawo shi.
Bai farka ba.